A Ina Bindigar Za Ta Kwana?

Bara, ana tsakiyar damina, wani Alhaji da nake kula masa da aikin gini ya kira ni gidansa na cikin gari. Na ɗauka rufi ne ke yoyo. Da na isa sai ya wuce da ni har turakarsa, abin da bai taɓa yi ba tun da muka san juna, ya buɗe wadrob ya ture manyan rigunansa gefe. Ga wani dogon akwatin ƙarfe nan a tsaye, baƙi, sabo fil, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba. A ciki akwai bindiga mai baki biyu, wadda ya ce lasisinta ya girmi babban ɗansa.

"Injiniya, ka ga na bi shawarar yara na sayi sef. Yanzu kam hankalina ya kwanta."

Na sa hannu ɗaya na jawo akwatin ta sama, sai kawai ya biyo ni. Da ban tare shi da kafaɗa ba da a kan ƙafafunmu zai sauka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙunshe wa ɓarawo kaya ka yi, har da marfi don kada ruwa ya taɓa masa a hanya."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Tun ranar abin yake cina, domin na gane cewa shekaru muka yi muna gardama a kan rabin magana. A watan Maris na 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo, a taron yaye ɗaliban jami'ar jihar Taraba, ya ce mutane su tashi su kare kansu. A 2021 Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya faɗi irin wannan. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Duk lokacin da aka yi irin wannan magana sai gari ya rabu biyu, masu cewa a ba talaka bindiga da masu cewa kada a ba shi. A rediyo, a majalisar masu shayi, a Facebook, duk wannan layin ake bi. Ban taɓa jin wanda ya ɗaga hannu ya ce, to in an ba shi, a ina za ta kwana? Wa zai tsare ta ranar da maigida ya tafi cin kasuwar ƙauye, ko ya kwanta asibiti, ko ya tafi aikin Hajji na wata guda?

Ra'ayina a nan bai da kwana-kwana. Duk wanda ba shi da wurin da zai kulle bindiga ya kuma kafe wurin a jikin gini, bai cancanci ya riƙe ta ba, ko da lasisi goma gare shi. Kuma gwamnatin da ke ba da lasisi ba ta aika wanda zai duba wannan wuri ba, tana taya 'yan fashi sayen makami ne da kuɗin mutanen kirki.

Na san irin gidan da na fito. Kakana maharbi ne, kuma bindigarsa ta toka a rataye take a bango sama da gadonsa, kusa da warki da burgamen layu, da albarushinta a ɗure. Babu makulli, babu akwati. Abin da ke tsare ta shi ne kwarjininsa, don ko kaza ba ta shiga ɗakin nan sai da dalili. Amma a zamaninsa babu mai ƙetare daji da babur ya zo ya fasa gida saboda bindiga. A yau bindiga kanta kaya ce, ta fi talabijin da wayar hannu saurin shiga kasuwa, kuma ba ta lalacewa. Wayar da aka sace bana, baɗi ta mutu. Bindigar da aka sace bana, in ana shafa mata mai, tana nan tana aiki bayan wanda ya saye ta da wanda ya sace ta duk sun shiga ƙasa. Wannan ne ya sa satarta ta bambanta da kowace sata: asarar da mai ita ya yi ita ce ƙarama a ciki. Babbar tana kan wani matafiyi a hanyar Funtuwa ko wata mata a wani ƙauye da ba su taɓa jin sunansa ba.

Masu ganin wannan tsoro ne kawai na ɗan boko su dubi Amurka, ƙasar da babu inda farar hula suka kai su riƙe bindiga. Hukumar da ke kula da harkar makamai a can ta fitar da rahoto cewa daga 2017 zuwa 2021 an kai ƙarar satar bindigogi sama da miliyan ɗaya, kuma kusan dukkansu daga hannun mutanen gari aka ɗauke su, a gidaje da cikin motoci. Ba shagunan dillalai aka fasa ba. Mutum ya saya don ya kare iyalinsa, ya tura ta ƙarƙashin kujerar mota ko cikin durowar gefen gado, wani yaro ya fasa gilashi ya yi gaba da ita.

Ostireliya ta bi wata hanya, kuma ita ce ta fi burge ni, wataƙila don ni mai aikin gini ne. Ranar 28 ga Afrilun 1996 wani mutum ya harbe mutum 35 a Port Arthur, a tsibirin Tasmaniya. Cikin makonni kaɗan gwamnatin John Howard ta haɗa kan jihohin ƙasar a kan yarjejeniya ɗaya. Abin da duniya ta fi tunawa shi ne yadda gwamnati ta saye bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a ta lalata su. Amma a cikin yarjejeniyar akwai wani ɗan sharaɗi da ba a cika ambata ba: dole a kulle bindiga a ma'aji mai ƙarfi, harsashi a kulle shi daban, kuma in ma'ajin bai kai nauyin kilo 150 ba, dole a ɗaure shi a jikin ginin. Kilo 150 buhun siminti uku ke nan. Wanda ya rubuta wannan layi ya san aikin ƙarfi. Ya san cewa duk abin da bai kai buhu uku ba, ƙarti biyu za su kinkime shi su fita da shi cikin minti kaɗan, su je su buɗe shi a inda babu mai damunsu. Akwatin Alhaji, in na yi masa adalci, bai fi buhu ɗaya ba. A Afirka ta Kudu ma, ƙarƙashin dokarsu ta shekarar 2000, ba a ba mutum lasisi sai yana da ma'ajin da ya cika ƙa'ida, kuma wanda ya yi sakaci har bindigarsa ta salwanta shi ma ya yi laifi. A Ingila ɗan sanda ne ke zuwa gida ya ga akwatin da idonsa kafin takarda ta fito.

Mu ma dokarmu ta makamai, wadda asalinta tun 1959 ne, ta ɗora wa mai lasisi alhakin tsare bindigarsa da kai rahoto idan ta ɓata. Na tambayi Alhaji ko a cikin shekarun nan duka akwai jami'in da ya taɓa zuwa ya ce a nuna masa inda take kwana. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko aljani ya taɓa kawo masa gaisuwar sallah.

Yanzu bari in shiga inda na fi sani, don a nan ne mutane ke yaudarar kansu. Mai shago zai sayar maka da akwati, ya haɗa maka da wasu 'yan noti huɗu a leda, ya ce kafinta ma zai ɗaura maka. Waɗannan notin an yi su ne don bangon da yake cike. Namu bangon ba haka yake ba. Bulon siminti mai inci shida ko tara da muke gini da shi rami ne a ciki, fatarsa ba ta da kauri, kuma sau da yawa masu buga shi sun ja buhu ɗaya ya haifi bulon da bai kamata ya haifa ba. Notin da ake kafe irin wannan akwati da shi, in ana ɗaure shi bakinsa yake buɗewa a cikin rami ya ciji gefe da gefe. A cikin kankare zai ciji abu mai tauri. A cikin bulonmu iska zai ciza, ko ya farfasa fatar bulon. Za ka ga akwati ya manne da bango, ka girgiza da hannu ka ji shiru, amma ranar da aka zura ƙarfe a bayansa aka danna, zai fito da notinsa da guntun filasta a jiki kamar an cire haƙorin da ya ruɓe.

Ƙasa ma sai an bincika. Gidaje da yawa abin da ke ƙarƙashin tayil ɗan siririn daɓe ne a kan jar ƙasar ciko. In ka huda, kafin ka kai tsawon yatsa ka ji bakin injin ya faɗa taushi. Abin da nake yi a irin wannan wuri shi ne a cire tayil, a haƙa rami wanda ya ɗan fi gindin akwatin faɗi, a sa rodi, a zuba kankare mai kyau, sannan a ƙyale shi ya kama. Kankare yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma mai gaggawar da ya ɗaure noti a kwana na biyu ya ɓata aikinsa da kansa. In bango ake so a haɗa da shi, to a nemi inda ginshiƙin kankare yake, ko a fasa bulon a cike ramukansa. Kafin a huda ko'ina a san ta inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi. Bayan an huda a hure ƙurar ramin sarai, don ƙura ce ke hana noti kamawa. Kan notin kuma a cikin akwati yake zama, da faffaɗan washa a ƙarƙashinsa, ta yadda ba mai kwance shi sai wanda ya riga ya buɗe ƙofar.

Sai wurin da za a tsayar da shi. A lungu, bayansa manne da bango, gefen da ƙofar ke buɗewa shi ma yana kallon bango, don kada mai dogon ƙarfe ya sami filin dannawa. Kada a bar rata ko ta yatsa tsakaninsa da gini. In akwai tayil ɗin gindin bango da ke tura shi gaba, a cire. Nan kam karin maganar nan ta ƙadangare da tsagar bango ba ta buƙatar fassara. Akwatin da yake tsaye a kafe yana ba ɓarawo wahala sosai, amma da zarar an kwantar da shi a ƙasa mutum ya hau kansa da nauyin jikinsa, rabin ƙarfinsa ya tafi. Amfanin kafewa ke nan na biyu, bayan hana ɗauka. Kuma a sa roba a ƙarƙashi, don daɓe yana tsatso laima da damina, tsatsa kuwa ba ta tambayar ko bindiga tana da lasisi.

Duk wannan, in aka cire kuɗin akwatin, bai wuce buhun siminti ɗaya ko biyu da rodi ɗaya da ladan birkila na yini ba. Mutumin da ya iya sayen bindiga da harsashi ba zai ce wannan ne ya fi ƙarfinsa ba.

Akwai hujjoji uku da ake kawo mini, kuma ba duka nake iya turewa ba.

Ta farko ita ce ta dare. Mutum zai ce, Injiniya, kana zaune a birni kana lissafi. Mu da ake shigo mana ƙarfe biyu na dare, kafin in lalubo makulli in buɗe akwati in buɗe na harsashi ai an gama da ni. Wannan gaskiya ce, kuma ba zan ce wa mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe a gefen dajin Rugu ya yi irin ajiyar mai harbin tsuntsu a Ingila ba. In yana gida, a farke ko a kwance, bindiga tana inda hannunsa zai kai, wannan tsakaninsa ne da halin da yake ciki. Maganata a kan sauran sa'o'in ne, waɗanda suka fi yawa: yana gona, yana masallaci, yana kasuwa, ya yi tafiya. A lokacin bindigar ba ta kare kowa. Tana jiran duk wanda ya fara shiga ɗakin ne, ɓarawo ko yaro.

Yaron nan kuwa shi ne abin da ba mu son faɗa. A ƙarshen Nuwamban 2021, a garin Oxford na jihar Michigan, wani ɗalibi ɗan shekara 15 ya kashe 'yan makarantarsu huɗu da bindigar da mahaifinsa ya saya kwana huɗu kafin nan. A 2024 kotu ta sami uwar da uban, Jennifer da James Crumbley, da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke wa kowannensu shekara 10 zuwa 15. A wajen shari'ar an nuna makullin da aka sayar musu tare da bindigar, yana nan cikin ledarsa. Gidajenmu sun fi nasu cika da yara nesa ba kusa ba: 'ya'ya, jikoki, 'ya'yan riƙo, almajirin da ke share ɗaki, yaran maƙwabta da ke shigowa kallo. Wanda ya ce ya ɓoye bindiga a saman wadrob yaransa ba su sani ba, bai san yara ba. A hadisi ingantacce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, don kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Kibiya ke nan, wadda sai an ɗana ta a baka an ja da ƙarfi. Ina ga abin da yatsan yaro ɗan shekara bakwai zai iya tayarwa?

Hujja ta biyu ita ce ta ginin laka. Ina za a kafe akwati a ɗakin da bangonsa tubali ne, ƙasansa daɓen gargajiya? A bango kam babu. Amma ƙasa tana nan. A haƙa rami a lungun ɗaki, a zuba kankare, a dasa ƙarafan tun yana ɗanye, mai walda na gari ya haɗa akwati da farantin ƙarfe mai kauri, a ɓoye maratayin ƙofar ta ciki, a yi wa kwaɗon rumfar ƙarfe yadda almakashin ƙarfe ba zai kai gare shi ba. Masu waldarmu da ke ƙera ƙofofin shaguna a kasuwa sun iya abin da ya fi wannan.

Ta uku ce ta fi damuna, don ba ni da cikakkiyar amsarta. Ranar da ka kira birkila da lebura da mai walda suka shiga turakarka, mutum uku sun san abin da ke gidanka da lungun da yake. A wannan zamani na infoma, da ɗan gari akan ci gari. Kuma akwatin da ya fi kowane ƙarfi a duniya zai buɗe cikin daƙiƙa goma in aka ɗora wa ɗanka bakin bindiga a ka. Abin da zan iya cewa kawai shi ne a raba aikin: mai zuba kankare ya zuba ya tafi bai ga akwati ba, ɗaure noti kuwa maigida da ɗansa babba za su iya da sifana ɗaya. Kwalin da akwatin ya zo a ciki kada a jefar da shi a bola ƙofar gida. A kuma rage baki. Yawancin masu bindigar da na sani, ba ma'aikata ne suka tona su ba, su ne suke fito da ita su nuna wa baƙi bayan an ci tuwo.

To wa zai duba? A nan ne nake jin kunyar abin da nake nema. Ina cewa 'yan sanda su riƙa zuwa gida su ga ma'aji kafin su ba da lasisi ko su sabunta shi, alhali rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2018 akwai makamai 178,459 na rundunar 'yan sandan da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Kuma duk yankin nan mun ga abin da ya biyo bayan 2011, da aka bar rumbunan makaman Libiya a buɗe bayan faɗuwar Gaddafi, kaya suka gangaro ta hamada. Babban rumbu da ƙaramin akwati ciwonsu ɗaya. Amma gazawar hukuma ba ta sauke wa maigida nasa nauyin ba, kuma ba ta hana a gyara doka. A rubuta sharaɗin a fili, da nauyi da kauri da yadda za a kafe, kamar yadda Ostireliya ta yi, don kada ya zama abin da jami'i zai fassara gwargwadon abin da aka sa masa a aljihu. Jihohin da suka kafa rundunonin tsaron al'umma, irin Katsina a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, su ne ya kamata su fara, su faɗa wa jama'a inda makaman waɗannan matasa ke kwana in sun sauka daga aiki, da wanda ke ƙirga su.

Alhaji dai ya yarda, bayan ya yi mini ƙorafin tayil ɗinsa na waje da za a fasa. Muka cire guda huɗu, muka tarar da abin da na zata, daɓen da bai kai kaurin tafin hannu ba. Aka zuba kankare, na ce kada a taɓa sai bayan wata guda. Ya kira ni sau uku a tsakani yana tambaya ko bai isa ba. Ranar da muka ɗaure, ni da shi da babban ɗansa, ya tuɓe babbar riga ya kama akwatin da hannu biyu ya jijjiga har hularsa ta faɗi. Ko motsi.

Ina tattara kayan aikina na ga ya jawo durowar gefen gado zai jefa makullin.

"Ranka ya daɗe, ba nan ba."

"To ina?"

"Inda ni ma ban sani ba."

Ya tsaya da makullin a hannu yana waige-waige a ɗakin. Na yi masa sallama na fito, na ja masa ƙofa.